Kawuna Mai Duba Jini

Ranar Talata da hantsi Kawu ya cika, kafin la'asar mun dawo daga kai shi makwancinsa. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa da ke Ƙofar Marusa, ƙarƙashin bishiyar bedin da ya shuka da hannunsa. Ni aka zaunar a gaba wajen karɓar gaisuwa, domin Kawu bai bar ɗa ba, ni kuwa ɗan ƙanwarsa ne, kuma rabin ƙuruciyata a gidansa na yi ta.

Kwana uku ina miƙa hannu, ana ce mani ya haƙuri, ina cewa da godiya. Fuskoki da yawa sun ɓace mani, amma mutum uku sun ƙi fita raina har yau da aka shekara.

Na farko wani manomi ne daga Batagarawa, ya zo da yara biyar a bayan akori-kura. Da ya gama addu'a sai ya jera su gabana daga babba zuwa ƙarami.

Ya ce, "Malam, ka ga waɗannan? Ɗiyan marigayi ne."

Na ga mutanen da ke kusa sun fara kallon juna. Sai ya yi bayani. Shekarun baya ya tashi auren 'yar gwaggonsa, har an sa rana, Kawu ya duba jininsu ya ce kada a yi.

"Na zage shi a zuciyata har na gaji. Ita ta auri wani, ni na auri wata. Nata shida, nawa ga su nan, ba wanda ya taɓa kwana asibiti." Yana faɗa yana share ido da hannun riga.

Ta biyu wata tsohuwar nas ce, Kirista, 'yar kudancin Kaduna, da ke zaune a Kambarawa. Sista muke ce mata. Ta yafa mayafi ta tsaya nesa da tabarmin maza, ta daɗe tana kallon baƙin keken Kawu da ke jingine a bakin zaure, sannan ta shiga cikin gida wajen mata.

Na uku Baffa ne, ƙanen mahaifina, wanda kuma shi ne surukina. Bayan an shafa fatiha ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Allah ya jiƙanshi, ya kuma yahe mashi zumuncin da ya raba." Wasu suka ce amin, wasu suka sunkuyar da kai. Ni ban san abin da zan ce ba. Wannan rashin sanin ne ya sa na ɗauki alƙalami, kada a manta da mutumin nan, kada kuma a tuna rabinsa kawai.

Kawu ya yi shekara talatin da wani abu a ɗakin gwajin jini na asibitin gwamnati. Mutanen unguwa Likita suke ce masa, shi kuma kullum sai ya gyara musu. "Ni ba likita ba ne, mai leƙen jini ne." Idan ka miƙa masa hannu ba ya saki sai ya juya tafinka ya duba. Yaro bai isa ya gifta ta gabansa ba sai ya kira shi ya ja fatar idonsa ƙasa, ya ga ja ne ko ya yi fari. Idan hadari ya taso, kowa na murna, shi sai ya kasa zama. Ya fita ya shiga, yana korar yaran maƙwabta gida, yana cewa kada ruwa ya taɓa su. Har ya tsufa bai daina ba, alhali gidansa babu yaron da ruwa zai taɓa.

Da can akwai. Shi da matarsa, wadda muke kira Inna, 'yan wa da ƙane ne, auren zumunci aka yi musu. Sun haifi uku, maza biyu da mace. Ta tsakiyar ba ta kai yaye ba. Ƙaramin ya kai shekara huɗu. Babban sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya, tare aka sa mu makaranta. Rana ɗaya muna buga ƙwallo, washegari yana kwance yana birgima, yana cewa ana daka ƙashinsa a turmi. An yi tsaga, an sha rubutu, an yi turare. Dangi suka ce Inna wabi take yi, har kakarmu ta hana ta ɗaukar jariran gidan suna. Yana shekara goma sha uku ya rasu, cikin damina.

Bayan wannan ne aka tura Kawu kwas kudu. Ya dawo da sanin wata na'ura mai rarrabe jini, mai nuna wa yake ɗauke da amosanin jini, wanda yanzu kowa ke kira sikila, ko da shi kansa lafiyarsa lau. Tun daga nan zaurensa ya zama wani ofishi. Duk wanda ya karɓi takardar gwaji a asibiti bai gane ba, da yamma sai ya biyo shi gida. Kawu yana da huluna biyu tsofaffi da ya ajiye don wannan. Sai ya sa ƙwayar farin wake da ta jan wake a kowace, ya ce wannan hular uba ce, wannan ta uwa. Ya ce mutum ya rufe ido ya zaro ɗaya nan, ɗaya can. Fari da fari, lafiya. Fari da ja, lafiya, amma yaron ya ɗauki gado. Ja da ja, sai Kawu ya bar mutum ya kalli tafin hannunsa.

Yakan ce, "Jini ba ya ƙarya, amma ba shi da tausayi. Tausayin mu ne za mu kawo."

Ban taɓa zaton za a miƙo mani hulunan nan ba. Ina koyarwa a wata sakandare lokacin, zamanin soja, na nemi 'yar Baffa. Tun tana firamare nake raka ta makaranta, ba wanda ya haɗa mu, mu muka ga juna. Kawu ya ce mu zo ya duba mu, muka je muna dariya. Bayan kwana biyu ya kira ni zaure ni kaɗai, na tarar ya riga ya ajiye hulunan a kan tabarma.

Na ce, "Kawu, na san wasan nan. Ɗaya cikin huɗu ne. Uku namu ne."

Ya ce, "Ni ma haka takarda ta ce mani. Wake ba ya tuna abin da ya hito jiya, ɗana. Sau uku na sa hannu, sau uku ja da ja."

Na ce cuta da mutuwa na Allah ne.

"Na Allah ne. Sanin ma na Allah ne, shi ya ba mu. Kai ka ga ɗan'uwanka shina birgima, ba labari aka ba ka ba."

A nan na faɗi maganar da har yau idan na tuna sai in ji kamar in tona ƙasa in shige. Na ce don shi Allah bai bar masa nasa ba, ba shi ne zai hana wasu samun nasu ba. Ya kwashe waken ya zuba a aljihu, ya ninke hulunan, ya shiga gida.

Ya je ya sami Baffa, Baffa ya ce tun kaka da kakanni ake auren gida ba a taɓa tambayar na'ura ba. Aka ɗaura aure, Kawu bai zo ba. Shekara uku ina canza hanya idan na hango kekensa. Da muka haifi ɗanmu na fari, ƙato, mai lafiya, na aika masa da goron suna, ba don zumunci ba, don ya gani. Ya karɓa, ya aiko da rigar jariri da saƙon Allah ya raya.

Sai ta biyu ta zo, mace. Tana wata takwas yatsunta suka kumbura kamar an hura, ko zane ya taɓa su sai ta ƙwalla ƙara. Uwarta ta dube ni, na dube ta. Ban aika wa Kawu ba, kunya ba ta bar ni ba. Mahaifiyata ce ta gaya masa. Da safe ina shirin fita na ji ƙararrawar keke a ƙofar gida. Ya yi sallama, ya amsa gaisuwata kamar jiya muka rabu, ya ce a ɗora ruwa a wuta a kawo tsumma mai tsabta. Ya zauna a tsakar gida ya ɗora ta a cinya yana gasa mata hannu a hankali, yana ce mata, "Haba amaryata, daga zuwa sai kuka? Ko angon ne ya yi miki tsufa?"

Na jira ya ce ai na gaya maka. Na shirya amsa, na shirya haƙurin da zan ba shi. Shekara shida yana zuwa gidana kusan kullum, har ya koma ga Allah bai faɗa ba. Sau ɗaya na fara, na ce, "Kawu, maganar nan da na yi maka a zaure..." Sai ya ce in miƙo masa buta.

Shi ya koya wa maiɗakina yadda za ta gane ciwon tun bai taso ba, da yawan ruwan da yarinyar za ta sha, da yadda ake taɓa cikinta a ji ko saifa ta kumbura. Tana shekara huɗu jininta ya ƙone, aka kwantar da ita, likita ya ce sai an yi ƙari kafin azahar. Nawa bai dace ba, na uwarta ma haka. Kawu ya riga ya yi ritaya, amma yana da jinin rabin ma'aikatan asibitin a kansa, wa ya dace da wa. Ya hau keke ya nufi Kambarawa. Kafin awa ɗaya sai ga shi da Sista, ta baro tukunya a kan wuta. Ta kwanta aka ɗiba. Da na je yi mata godiya ta ce, "Malam, bar shi. Ni na riƙe ɗansa na fari ranar da ya tafi, ban iya yi masa komai ba. Wannan na iya."

Shekarar da soja suka koma bariki, Kawu ya yi ta murna kamar shi aka zaɓa. Ya ce yanzu akwai wanda za a kai wa kuka. Ya sa na rubuta masa takarda da Turanci zuwa ga ɗan majalisarmu, yana roƙon a kai na'urar gwaji kowane asibitin ƙaramar hukuma, a kuma ajiye mutum ɗaya wanda aikinsa kawai ya zauna da mutane ya fahimtar da su abin da takarda ta ce. Ya sa babbar rigarsa ya kai da kansa. Sau huɗu yana zuwa. A na huɗun aka ce masa ana dubawa, ya dawo ya rataye rigar bai ƙara zancen ba.

A wannan lokacin ne kuma rediyo ta fara kawo labarin cewa masana a ƙasashen waje sun kusa gama karanta duk abin da ke rubuce a cikin ƙwayoyin halittar mutum. Kawu ya riƙa kara rediyon a kunne yana hana kowa tari. Wata rana ya kashe ta ya ce mani, "Ni abu ɗaya na iya karantawa a jini, ka ga yawan gidajen da ba a gaishe ni. Waɗannan za su karanta dubu. Za a gaya ma yaro ciwon da zai kashe shi shina da shekara hamsin. To wa zai zauna da shi bayan an gaya mashi?" Sannan ya ce, "Amma wataƙila su gyara. In sun iya karantawa, wata rana su iya goge ja su rubuta hwari. Amaryata tana iya ganin ranar."

Maiɗakina ta sami ciki na uku. Ba mu nema ba, ba mu kuma yi murna a fili ba. Yana wata biyu da wani abu Kawu ya zo da yamma, ya ƙi zama a inda ya saba, ya ce a kira ta. Ya ce wani tsohon abokin aikinsa ya rubuto masa cewa yanzu a Legas ana iya ɗibar wani abu daga mahaifa a gane jinin ɗa tun yana ciki.

Ya ce, "Kwana tara takardar nan tana aljihuna. In na ɓoye maku, na ci amana. In na hwaɗi, ban san mi na jawo maku ba."

Na ce, "In aka duba aka ga ja da ja fa, Kawu, sai a yi yaya?"

Ya ce ya tambayi malamai biyu, ɗaya ya ce akwai magana kafin a busa rai, ɗaya ya ce babu ita ko kaɗan. Shi kansa bai san inda ya tsaya ba. Ban taɓa jin Kawu ya ce bai sani ba a kan maganar jini sai ranar.

Maiɗakina tana zaune bakin ƙofar ɗaki, kanta a ƙasa. 'Yarmu tana can gefe tana yi wa 'yar tsana kitso. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Kawu, Allah ya saka da alheri. Amma in aka gaya mani, ba zan iya cirewa ba, kuma wata shida zan yi ina makokin mai rai. A bar ni in ɗauke shi ban sani ba."

Na ce mata ta yi tunani, ba ita ke ganin yadda yarinyar ke wahala ba? Ta ce ita ke gani, ita ke riƙe ta. Kawu ya ɗaga mani hannu. "Bar ta. Ita ke ɗauke da shi." Ya fito da takardar ya ba ta, ya ce ta ajiye ko za ta sake shawara. Ta sa ta ƙarƙashin tabarma. Ba mu je Legas ba.

Wata biyu bayan haka ya kwanta. Hawan jini ne, ya taɓa masa gefe ɗaya, amma bakinsa bai mutu ba. Ana gobe zai rasu na je da hantsi tare da 'yata. Ta hau gadon ta zauna kusa da kansa tana ba shi labarin makarantarsu, tana ce masa in bai tashi ba za ta sake miji. Ya yi dariya da rabin fuska. Da Inna ta ja ta waje, ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya, ya juya tafin kamar yadda ya saba, amma bai duba ba.

Ya ce, "Da ka ji maganata, da babu ita."

Na ce, "Kawu, ai gaskiya ka faɗa."

"Gaskiya na hwaɗi. In aka maido ni zauren nan gobe, ita zan sake hwaɗi. Amma tun da na kwanta nake ganinsu. Nawa ukun suna tsaye nan wajen ƙofa, su na san su. Akwai wasu a bayansu da yawa, ban san fuskarsu ba. Ina jin waɗanda na hana a haifa ne." Ya numfasa. "Ban sani ba ko godiya suka zo yi."

Na ce zazzaɓi ne. Ya ce wataƙila. Ya ce in buɗe taga.

Wata uku da rasuwarsa aka haifa mana namiji, muka sa masa sunan Kawu. Sai da ya wuce wata shida muka kai shi gwaji, kamar yadda Kawu ya koya mana. An kawo sabuwar na'ura asibitin, an yi wa ɗakin fenti. Wani ma'aikaci ya miƙo mani takarda ta taga, ya kira na bayana. Na koma gefe na buɗe. Fari da ja. Ya ɗauki gado irin namu, amma ba zai yi birgima ba.

Daga asibiti ban nufi gida ba, na ce wa maiɗakina mu biya Ƙofar Marusa. Inna ta fita takaba, tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na gaya mata an duba yaro, lafiya lau ne. Na tsaya nan, domin a saninmu duka Inna ba ta san komai ba game da wannan lissafi. Kawu ya taɓa gargaɗina, ya ce kada in kuskura in yi zancen wake a gabanta, ya bar ta a kan cewa Allah ne ya ba su ya karɓe.

Ta ajiye faifan, ta karɓi yaron ta ɗora a kafaɗa. Ta ce, "Hwari da hwari, ko hwari da ja?"

Maiɗakina ce ta amsa mata.

Inna ta ce, "Alhamdu lillahi. Irin namu ne, ni da Malam." Ta ga yadda nake kallonta. "Zaure da ɗakina bango ɗaya ne, ɗana. Shekara ashirin da biyar ina jin shi shina yi ma mutane bayani. Ko akuya ce ta gane. Da ya dawo daga kwas ya ɗebi jinina ya ce na zazzaɓi ne zai duba. Bai ƙara tada zancen ba."

Na ce, "To Inna, me ya hana ki gaya masa kin sani?"

Ta gyara wa yaron hula. "Ya san halina. Da ya hwaɗa mani, cewa zan yi ya sake ni ya nemi mai hwari da hwari, ya samu ɗiya. Shi ya sa ya yi shiru. Ni kuma in na nuna na sani, dole in hwaɗi hakan. Ban so in hwaɗi ba. Shi ya ɗauka ya rufa mani asiri. Na bar shi da ladarshi."

Na tambaye ta ko ta taɓa yin da-na-sani. Ban san abin da ya sa na tambaya ba, wataƙila kaina nake tambaya.

Ta ce, "An hitar mani da uku daga ɗakin can. Kullum ina yi. Amma da za a maido ni ranar da aka kawo ni gidan nan, a ce ga abin da ke gaba, ki zauna ko ki tahi, wallahi har yau ban san mi zan ce ba."

Aka kira azahar a masallacin unguwa. Ta miƙa wa maiɗakina yaron, ta dafa bango ta tashi, ta ɗauki buta.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa nauyin da ya ɗauka na sanin abin da ke cikin jinin mutane ya zama hutu a gare shi. Inna kuma, da ta rage ita kaɗai a gidan nan, Allah ya ba ta haƙurin abin da ta sani.